Ɗakin Baba Mati

Mai fenti bai ɗaga hular ba. Zagaye ta ya yi da buroshi, ya bar ta rataye a ƙusarta, ya ci gaba da aikinsa. Na lura da haka ne wata Asabar da safe, ina bin bayan Abba za mu shige sabon gidanmu. Bangon ɗakin ƙofar gida ya sha farin fenti tas, in ban da tsohuwar hular nan, da ɗan siririn siminti da ya leƙo ta gefenta. Ban ce komai ba. Ni da ma ba mai yawan magana ba ce.

Hular ta Baba Mati ce. Shekara goma sha ɗaya Abba ya yi yana gina gidan nan a bayan gari, ta hanyar Mashi, kuma a shekara tara daga ciki Baba Mati yana zaune a wurin. A Daura ba a barin kango haka kawai. In ka bar shi, wata rana za ka tarar rodi ya yi ƙafa, bulo ya ragu. Sai ka nemi mutumin kirki marar wurin kwana ka ce ya zauna. Ba ka biyansa, shi ma ba ya biyanka. Abba ya san shi ne a masallacin tasha. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Baure, ya zo cin rani bayan rasuwar matarsa, bai koma ba. A lokacin ɗaki ɗaya ne kawai ke da rufi, wato na ƙofar gida, sai ya shiga da tabarmarsa da butarsa. Sana'arsa tufkar igiya. Buhunan simintin gidanmu ma, in an zazzage su, shi ke warware su zare-zare ya tufka, ya kai kasuwa.

Abba, Malam Kalilu, malamin firamare ne da ya yi ritaya. Da albashi da amfanin gona ya yi ginin. Duk kaka, in ya sayar da gero da wake, sai a ɗora layi uku ko huɗu na bulo, a tsaya sai baɗi. Ina aji shida aka haƙa tushe. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa na dawo, sannan aka kafa ƙofar ƙarshe.

Ranar nan Abba ya zaga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa bango. Da muka fito tsakar gida sai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Gida ya ƙare."

Baba Mati yana durƙushe cikin gyaɗar da ya shuka a tsakar gidan, yana cire ciyawa. Ya ɗago ya ce, "Allah ya sa a shiga a sa'a, Malam."

"Amin, Malam Mati, amin."

Shi ke nan abin da suka ce wa juna. Saura mako biyar hayar gidan da muke ciki ta ƙare, kuma kowa ya sani ɗakin ƙofar gida na Yaya Munzali ne tun a takardar zanen gini.

A hanyar komawa Abba ya ce da ni, "Raihana, ke kika karanta tattalin arziki. Na sayar da bijimin nan a Mai'adua, miliyan ɗaya da dubu ɗari ɗaya. Ki zauna ki rubuta 'yan abubuwan da suka rage kafin tarewa. Ba su da yawa. Kuɗin mota, ragon walima, sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Na sami littafi na rubuta abu biyar, na tafi shagon Oga Onuora don in ji farashi. Shi ke sayar wa Abba kayan wuta da na famfo tun farkon ginin. Shekararsa talatin a Daura, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya karɓi littafin, ya sauke tabarau kan hanci, ya duba.

"Malam ya ce gida ya ƙare?" Ya yi dariya har yana dafa kanta. "Ƙanwata, sadaki kawai Malam ya biya. Lefe na nan gaba. Ƙofa nawa gare ku?"

"Goma sha ɗaya."

"Kwaɗo nawa kika rubuta?"

Ko ɗaya ban rubuta ba.

"Kwan lantarki fa? Na sayar masa da mazaunin kwai ashirin da uku, kwai ko ɗaya bai saya ba. Mita? Turken wuta nawa ne tsakaninku da layi? Tagogin nan akwai ragar sauro? Ko so kuke sauron bayan gari ya yi walimarsa da ku? Ruwa kuma fa? Banɗaki uku na zamani kuka yi, duk ruwa suke sha kamar raƙumi. Unguwar ba famfo. In babu tanki, 'yan garuwa za su riƙa turo muku kura daga nesa, kuɗin ninki biyu."

Na fita daga shagon da layi goma sha huɗu.

Da la'asar na shimfiɗa littafin a gaban mutanen gida. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ban ji madafa ba."

"Akwai kicin a ciki, Umma, har da tayil," in ji Yaya Munzali.

"Kicin ɗin da in na hura itace zai koma baƙi ƙirin a kwana uku? Tuwon gidan nan ba ya dahuwa a kan gas. Rumfa nake so a waje, da murhu. Rubuta."

Na rubuta. Yaya Munzali ya ce a shimfiɗa bulon ƙasa a tsakar gida, don kada damina ta riƙa kwaso mana laka cikin falo. Na rubuta wannan ma, ya zama layi goma sha shida. Da na haɗa, kuɗin ya wuce na bijimi da kusan rabi. Abba ya daɗe yana kallon lambar.

"Ashe gini bai ƙare ba," ya ce a hankali. "To, a rage. Amma ban da rago. Ba zan kwana a gidan da ba a karanta Alƙur'ani a ciki an ciyar da maƙwabta ba."

"Ban da madafa," in ji Umma.

"Akanta, ki fara da labule," in ji Yaya. "Wa zai leƙa mu a dajin nan, awaki?"

Aka yi dariya, aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba. Mun yi maganar kwaɗo, mun yi maganar kwandon shara. Babu wanda ya ambaci mutumin da ke kwana a ɗakin ƙofar gida.

Bayan kwana biyu na koma gidan ni kaɗai don in auna tagogi. Baba Mati ya riƙe mini bakin awon. Dogo ne siriri, gemunsa fari, tafin hannunsa ya yi kanta saboda igiya. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'yar Malam.

"Wannan tagar ki sa mata labule mai kauri," ya ce. "Ranar yamma a nan take sauka. Waccan kuma ko ba labule, iska ce ke shigowa ta nan, a bar ta ta sha."

Ya zagaya da ni bayan ginin ya nuna mini inda ruwan sama ke taruwa in an yi mai ƙarfi. "Nan sai an yi magudana. Ni nake tona masa hanya da fartanya duk shekara, shi ya sa bai ci tushen katanga ba." Ya nuna mini inda kunama ke son ɓuya, da ƙofar gida da ke kumbura da damina, sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Abba ya san kuɗin kowane bulo a gidan nan, amma halin gidan Baba Mati ne ya sani.

Na tsaya ina kallon gyaɗarsa. Ta yi kore shar, ga kuɓewa a gefe, ga zogale uku da suka fi katanga tsawo, ga akuyarsa ja da ɗanta a ɗaure a gindin ɗaya.

"Yaushe za ta nuna, Baba?"

"Gyaɗar? Sai nan da kwana arba'in, in Allah ya yarda." Ya naɗe awon ya miƙo mini. "Yaushe ne tarewar?"

"Ƙarshen watan nan da za mu shiga. Kwana talatin da biyu."

Ya gyaɗa kai. "Allah ya kai mu."

Tambayar tana bakina: ina za ka koma? Na juya ta, na sake juya ta, na kasa fitar da ita. Yarinya ba ta yi wa dattijo irin wannan tambayar. Ya tsinko mini zogale cike da leda ya ce in kai wa Umma.

Tun ina ƙarama, abin da bakina ya kasa faɗa hannuna ke rubutawa. Da na koma gida na tambayi wani magini maƙwabcinmu abin da ƙaramin ɗaki zai ci, bulo da kwano da ƙofa ɗaya, a jingine da katanga daga ciki kusa da ƙofar shiga. Ya faɗa mini. Na buɗe littafin, a ƙarƙashin layi na goma sha shida na rubuta: Baba Mati, dubu ɗari uku da tamanin. Ko kalmar ɗaki ban sa ba, saboda sauri da kunya. Niyyata in ajiye littafin a inda Abba zai gani shi kaɗai, ya karanta, ya gane, ba sai na buɗe baki ba.

Ya kuwa gani. Na hango shi a kan tabarma da littafin a cinyarsa, ya tsaya a shafin ya daɗe. Sannan ya rufe ya ajiye, bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Asabar ta zagayo, muka tafi gaba ɗaya don Umma ta nuna inda za a kafa mata rumfa. Bayan an gama muka shiga falo don gudun rana. Wanda bai taɓa tsayawa a sabon gida marar kaya ba bai san yadda yake da amsa kuwwa ba. Babu kujera, babu labule, babu darduma. Ko tari ka yi sai ya zaga ɗakuna ya fita ta taga. Yaya Munzali ya fizge littafin daga hannuna.

"Bari mu ga inda Akanta ta kai mu." Ya riƙa karantawa da muryar mai shela. "Mita. Waya. Tanki da mazauninsa, dubu ɗari uku da goma. Ragar sauro. Kwaɗo goma sha ɗaya..." Sai ya tsaya. "Baba Mati, dubu ɗari uku da tamanin! Ikon Allah. Raihana, sayensa za mu yi? Ai ya fi tanki tsada!"

"Ɗaki ne," na ce, muryata ko ni da kyar na ji ta. "Ɗaki nake nufi a yi masa."

"Munzali, rage murya," in ji Abba.

Amma magana ta riga ta fita. Yaya ba mugu ba ne, bakinsa ne ke gaba da tunaninsa. Ya sassauta, ya ce shi ba ya ƙi, amma a duba: kuɗin ba zai ɗauki tanki da ɗaki tare ba, ko an soke labule da bulon tsakar gida. Dole ɗaya ya jira. Umma ta ce, "To tankin ya jira mana. Shekara nawa muna sayen ruwan garuwa, mun mutu? Mutumin da ya tsare mana gida shekara tara, ko ƙusa ba ta ɓata ba, sai mu ce ya naɗe tabarma don za mu sa tanki?"

"Ninki biyu fa, Umma, kullum," in ji Yaya. "Banɗaki uku."

"A rufe biyu."

Abba ya ce, "Shi ke nan. Ɗaki za a yi."

Na ji wani sanyi a raina. Sai a lokacin na lura da wani abu. Tun shigowarmu ana jin ƙarar tsintsiya a bayan tagar falo, shar, shar, shar. Yanzu babu. Ban san lokacin da ta tsaya ba. Na matsa na leƙa. Tsintsiyar tana jingine da bango, sharar an tara ta rabi, babu kowa.

Muna cikin mota, mun kusa gida, Abba ya tayar da maganar. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Raihana, niyyarki mai kyau ce. Ni ma abin yana raina tun bara. Na kasa ce masa ya tashi, na kasa ce masa ya zauna ba ni da inda zan sa shi. Shi ma kara yake mini, shi ya sa bai tambaya ba. Amma ba a rubuta mutum a layi ɗaya da kwaɗo."

Na sunkuyar da kai har muka sauka.

Washegari Abba ya je da kansa ya gaya wa Baba Mati maganar ɗakin. Ya dawo ya ce Baba Mati ya yi godiya, ya yi addu'a mai tsawo, bai ce a'a ba. Aka sayi bulo ɗari da ashirin na farko da siminti buhu huɗu, aka sauke a kusurwar da za a yi ɗakin. Maginin ya ce yana da wani aiki a Dutsi, sai bayan kwana goma zai fara. Na soke tanki a littafi, na soke bulon tsakar gida, labule na rage shi zuwa na ɗakuna biyu. Lissafi ya daidaita, har da ragowar dubu goma sha ɗaya. Na ce wa kaina komai ya wuce.

Mako guda bayan haka na je karɓar masu saka ragar sauro. Ina shiga na ga tsakar gidan ya yi fili. An tumɓuke gyaɗar gaba ɗaya, an kife ta a rana. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na fasa. Fara ce, ruwa-ruwa, ba ta cika ɓawonta ba.

Baba Mati yana zaune a inuwar zogale, ya maƙale bakin igiya a babban ɗan yatsan ƙafarsa yana tufka.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, 'yar Malam. An zo lafiya? Ya Hajiya?"

"Lafiya lau. Baba, gyaɗar ai ba ta nuna ba."

"Ta dafuwa ce. Ɗanya ma ana ci." Bai ɗago ba. "Ranar walima mutane za su buƙaci wurin zama. Ba a shimfiɗa wa malamai tabarma a cikin gona."

Na tsugunna nesa kaɗan da shi. "Baba, ranar nan... abin da Yaya ya karanta... ni na rubuta. Ba haka nake nufi ba."

Hannunsa ya tsaya. Ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai, kuma babu fushi a idonsa ko kaɗan. Da ma akwai, da ya fi mini sauƙi.

"Na sani, 'yar Malam. Allah ya yi miki albarka." Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Shekara tara ina ɗebo ruwa daga rijiyar bayan makaranta. Ni kaɗai, buta biyu da na akuya, amma na san nisan wurin. Gidan da mata ke ciki ba ya zama babu ruwa."

"Umma ta ce ba komai."

"Hajiya mutuniyar kirki ce. Yau ba komai. Watan azumi fa, da zafin nan, in mai garuwa bai zo ba?" Ya ɗan yi murmushi. "Duk jarkar da aka saya, wani zai tuna. Ba zai faɗa ba, amma zai tuna. Ni ma zan tuna."

A jami'a an koya mana cewa duk abin da ka zaɓa, akwai abin da ka bari a madadinsa, har suna gare shi, na ci jarrabawa a kai. Ba a taɓa gaya mana yadda abin yake ba in wanda aka zaɓa ɗin yana tsaye a bayan taga yana ji.

Na gaya wa Abba maganar gyaɗa. Ya ce zai sake zama da shi. Ya zauna da shi kuwa, har sau biyu, kuma duk sau biyun Baba Mati godiya ya yi, ya ce, "Allah ya bar zumunci, Malam," ya kawo wata hira.

Ranar da maginin ya dawo daga Dutsi, shi ya kira Abba a waya ya ce ya zo ya gani. Na bi shi. A kusurwar da aka sauke bulo babu tarin bulo. A maimakonsa akwai gini mai kusurwa huɗu, tsayinsa ya kai kafaɗata, an cika cikinsa da ƙasa da tsakuwa an daddaɓe, an shafe samansa da siminti sumul. Mazaunin tanki ne. Maginin ya zaga shi, ya ɗora ma'auninsa a kai, ya ce, "Wallahi ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Wa ya koya wa tsohon nan?"

"Shekara tara yana miƙa wa magina bulo," in ji Abba.

Baba Mati ya fito daga ɗakinsa yana goge hannu. Suka gaisa, suka tambayi juna kwanan iyali da gajiya. Abba ya kalli ginin, ya kalli Baba Mati.

"Malam Mati, ba haka muka yi da kai ba."

"Siminti ne na ga zai sha iska ya daskare, Malam. Na ce kada a yi asara."

Abba ya shafa saman ginin da hannu. Na san abin da yake aunawa. In ya matsa, ya tilasta wa dattijo ya faɗi abin da ya ji a bayan taga, kuma wannan ya fi a kore shi ciwo. Daga ƙarshe ya ce, "To ka zauna a ɗakinka. Munzali ya kwana a falo har mu ga abin da Allah zai yi bayan kaka."

"Allah ya kai mu kakar," in ji Baba Mati.

Yaya Munzali da kansa ya je ya same shi ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce shi falo ya ishe shi. Baba Mati ya yi dariya ya ce, "Saurayi da gemu a falo? Ina za ka kai baƙinka?" Ya ba shi dafaffiyar gyaɗa a kwano.

Aka kawo tankin ana saura kwana uku. Oga Onuora ya biyo motar da kansa, ya ga mazaunin, ya ce wanda ya yi wannan ya san ruwa. Na mayar da layin tanki a littafi. Layi na goma sha bakwai kuwa na rasa yadda zan yi da shi. Soke shi ya yi mini nauyi, barinsa ma haka. Na yage shafin gaba ɗaya na sake kwafe sauran.

Ranar walima Lahadi ce. Tun da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a inda gyaɗa take a da, malamai da maƙwabta suka zauna, aka rarraba izu aka fara karatu. Umma da 'yan uwanta suna sabuwar rumfa, hayaƙi yana tashi, ana tuƙa tuwon shinkafa. Baba Mati ne ya riƙe ragon aka yanka, shi ya nuna wa masu fiɗa inda za su zuba ruwa ya bi magudana. Shi ya fara buɗe famfon tankin, ya tara hannu, ya wanke fuska, ya cika butocin malamai ɗaya bayan ɗaya. Yana sanye da farar rigarsa ta Juma'a. Da aka kawo abinci ya zauna a gefen Abba suka ci a kwano ɗaya. Na ga haka na ce a raina, wataƙila ya haƙura.

An aike ni ɗakinmu in ɗauko ƙarin faranti. Ɗakin yana cikin waɗanda ba su sami labule ba, kuma tagarsa tana kallon ƙofar gida. Liman ya fara addu'ar rufewa, kowa ya ɗaga hannu, amin tana tashi tana sauka. Sai na ga Baba Mati ya shafa tasa addu'ar tun ba a gama ba, ya miƙe a hankali, ya bi ta bayan sahun mutane. Ya je gindin zogale ya kwance akuyarsa. Ya shiga ɗakin ƙofar gida, bai daɗe ba ya fito da tabarma a naɗe, da buhu ɗaya a kafaɗa, da buta. Ashe tun tuni ya ɗaure kayan. Hular tana kansa.

Farantan suna hannuna. Taku goma ne tsakanina da Abba, kira ɗaya zai isa. Na san kuma abin da kiran zai jawo: mutum arba'in su juyo, a tare shi a bakin ƙofa, a yi ta roƙonsa a gaban jama'a da buhu a kafaɗa. Na riga na taɓa sa shi a bakin mutane sau ɗaya. Har yau ban tabbata ba ko wannan ne ya hana ni, ko kuwa kunyata ce ta kullum ta sami hujja.

Ya tsaya a zaure ya juyo. Ya kalli tankin, ya kalli zogalen, ya kalli bayan Abba da ke sunkuye cikin addu'a. Idonsa ya biyo ta tagata, ban sani ba ko ya gan ni. Ta ƙofar ɗakin da ya bari a buɗe ina hango bangon: da'irar siminti marar fenti, daidai girman hula, da makulli rataye a ƙusar.

Ya ɗan ɗaga ƙofar gidan kamar yadda ya koya mini, don kada ta yi ƙara. Ɗan akuyar ya fara fita, uwar ta bi shi, sannan shi. Ya jawo ƙofar a bayansa.